Akwatin Wasa A Kan Dutsen Mpape

Masu karatu, a wannan mako filinmu zai yi magana ne a kan wasa, kuma ina roƙon dattawa kada su yi saurin juya shafi, domin maganar tasu ce kafin ta zama ta yara. Wani magidanci mazaunin Mpape, a nan Babban Birnin Tarayya, ya aiko mini da takarda yana kukan cewa 'ya'yansa uku sun ƙwace wayar mahaifiyarsu, in kuwa aka karɓe ta sai su sulale zuwa gidan gem, ba a sake ganinsu sai bayan isha'i. Ya ce ya ji labarin ana iya harhaɗa akwatin wasa irin na da a cikin gida, wanda ake tsayawa a gabansa ana buga tsofaffin wasanni, shi ne yake tambaya ko abin zai yiwu ga mai ƙaramin ƙarfi, in kuma zai yiwu, ko ba ƙara wa wuta fetur zai yi ba. Amsata ita ce zai yiwu, kuma a ganina ya fi wayar alheri nesa ba kusa ba. Dalilina kuwa ɗaya ne tak: akwatin nan ba ya shiga aljihu, ba ya shiga ƙarƙashin bargo. Inda aka kafa shi nan yake tsayawa, kowa na gani.

Wanda bai san Mpape ba ba zai gane nauyin kukan wannan bawan Allah ba. Gari ne da ke bisa duwatsu a Ƙaramar Hukumar Bwari, yana leƙen Maitama daga sama. Asalinsa ƙauyen Gbagyi ne, sai kamfanonin fasa dutse suka zo suka kafa sansani domin samar da tsakuwar da aka gina Abuja da ita, lebura da direba da mai sayar da abinci suka biyo su, har ya zama matattarar ma'aikatan da ke yi wa birnin hidima da rana su hau dutse su kwana da dare. Gidaje a cushe suke, ɗaki ciki da falo shi ne rabon mafi yawan iyali, filin da yaro zai yi langa ko ya buga tamola kuwa sai an tona. Saboda haka yaron Mpape ba shi da dandali irin wanda muka sani a Kano ko Katsina ko Zariya. Dandalinsa gilashin waya ne, in ya ɗan tasa kuma ga shagunan cacar ƙwallo nan a bakin titi sun buɗe baki suna jiransa. Uban da ya ce zai hana wasa ɗungurungum a irin wannan wuri yaudarar kansa kawai yake yi. Abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi irin wasan, da wurin da za a yi shi.

To, mene ne wannan akwati? Kabad ne na katako mai tsayin mutum, watau kusan ƙafa shida, da allon talabijin a sama, da wani ɗan tebur a gaba mai ɗauke da sandar juyawa da maɓallai, a ƙasa kuma da ramin jefa kuɗi. A Amurka aka fara cin kasuwarsa a shekarar 1972, lokacin da kamfanin Atari ya fito da Pong, wanda ba kome ba ne illa sanduna biyu suna buga wa juna ɗigon haske. A 1978 wani injiniya na kamfanin Taito a Japan, Tomohiro Nishikado, ya ƙago Space Invaders, a 1980 kuma Toru Iwatani na kamfanin Namco ya kawo Pac-Man, ɗan ƙwallon nan mai baki da ke cinye ɗige-ɗige dodanni huɗu na bin sa. Donkey Kong na Nintendo ya biyo baya a 1981, kuma a cikinsa aka fara ganin ɗan gajeren mutumin nan mai gashin baki da daga baya duniya ta sani da suna Mario. Bayan shekara goma, a 1991, Capcom ya fito da Street Fighter II, wanda ya sa samari biyu tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna gwada ƙwanji ba tare da kowa ya zub da jini ba.

Akwai abin lura game da yadda aka tsara waɗannan wasanni, kuma a nan amfaninsu yake ga mai iyali. Mai akwati kuɗinsa yake nema, don haka ba ya son mutum ɗaya ya kwana a gaban injin da kwabo ɗaya. Sai aka yi wasannin gajeru: rai uku ake ba ka, in sun ƙare wasa ya ƙare, ka matsa na bayanka ya shiga. Ko da yake son kuɗi ne ya haifi wannan tsari, amma ya bar mana wasa mai farko da ƙarshe. Wasannin waya na yanzu akasin haka aka gina su. Da yawansu kyauta ake ba ka, sa'an nan a riƙe ka da kyautar kullum, da tallace-tallace, da saye-sayen cikin wasa, ba ranar da za a ce maka an gama. Uwa tana iya ce wa yaro, "In ranka ya ƙare ka zo ka ci tuwo," ta tabbata cikin minti biyar zai zo. Wannan magana ba ta da ma'ana ga wanda ke riƙe da waya.

Mu a ƙasar nan ba ta hanyar akwatin tsaye wasan ya fi zo mana ba. Ya zo ne ta ƙananan injunan da ake jona wa talabijin. Nintendo ya fito da Famicom a Japan a 1983, 'yan kasuwar Asiya suka yi ta kwaikwayonsa suna turo mana, da kaset ɗin nan masu ruwan ɗorawa da aka rubuta wa cewa akwai wasa dubu ɗari tara da ɗoriya a ciki, alhali in ka ƙirga da kyau ba su wuce goma ba, sauran duk maimaici ne. Bayansa Sega Mega Drive na 1988 ya iso, sa'an nan PlayStation na Sony wanda ya fito a ƙarshen 1994. Mu da muka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1990 mun san gidan gem: benci biyu, talabijin uku ko huɗu, janareta na kuka a waje, da wani yaro mai littafi yana karɓar kuɗi yana kallon agogo. Ramin jefa kuɗi bai samu gindin zama a wurinmu ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da su kansu sulallan faɗuwar darajar naira ta kore su daga aljihu. Babban Bankin Nijeriya ya sake buga kwabo 50 da naira 1 da naira 2 na ƙarfe a 2007, amma ko mai sayar da gyaɗa bai karɓe su da daɗewa ba.

Yanzu sai mu zo kan yadda tsohon wasa ke tashi a sabon inji. Kowane akwati na da yana da tasa ƙwaƙwalwar lantarki, kuma wasan da aka rubuta masa ba ya jin yaren wani inji. Pac-Man, alal misali, an rubuta shi ne domin wata 'yar ƙwaƙwalwa mai suna Z80, kuma dukan wasan bai kai nauyin hoto guda da kake ɗauka da wayarka ba. Kwamfutar yau ba ta san wannan yare ba, sai an sa mata tafinta. Tafintan nan shi ne manhajar kwaikwayo, wadda masu harkar ke kira emuleta. Aikinta shi ne ta sa sabuwar kwamfuta ta yi shigar tsohon inji, ta karɓi umurnin wasan ɗaya bayan ɗaya ta juya shi, har wasan ya ɗauka a gidansu yake. Shi kuma wasan kansa, wanda aka kwafo daga cikin tsohon allon lantarki ko kaset aka mayar da shi fayil, shi ake kira rom. Watau abu biyu ne dabam, tafinta da baƙo, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin za mu komo kansa in mun zo maganar doka.

Mafi shahara a cikin tafintocin nan ita ce MAME, wadda wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara saki a watan Fabrairu na 1997, kuma har yanzu masu sa kai daga ƙasashe dabam-dabam suna ta ƙara mata injuna, sun kai dubbai. Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin ba umurni kaɗai ake kwaikwaya ba, har da raunin tsohon injin. A Space Invaders, dodannin da ke saukowa suna ƙara sauri yayin da kake rage yawansu. Asalin wannan ba dabara ba ce. Ƙwaƙwalwar injin ce ba ta da ƙarfi, in dodanni sun yi yawa sai ta yi nauyi, in sun ragu ta samu sauƙi ta yi gudu. Nishikado ya ga abin ya ƙara wa wasan armashi, ya bar shi haka. Tafintan da bai kwaikwayi wannan nawa ba ya ɓata wasan ke nan. Masu MAME kuwa sun sha faɗa cewa babban nufinsu adana tarihi ne, buga wasan riba ce ta gefe. Suna da hujja. Wasu allunan Capcom na shekarun 1990 an yi su da batir a ciki wanda ke riƙe da mabuɗin sirrin wasan, ran da batirin ya mutu allon ya zama gawa. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka sayar a can kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. Wanda ya taɓa neman wani fim ɗin Hausa na farkon shekarun 1990 ya rasa, ya san irin wannan asara.

To, malam mai tambaya, ga abin da za ka tanada. Na farko ƙwaƙwalwa. Masu wannan sha'awa a Turai sun fi amfani da Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta mai girman katin banki da aka fara sayarwa a Ingila a 2012 a kan dala 35, domin koya wa yara ilmin kwamfuta. Samfuri na 4, wanda ya fito a 2019, ya ishe ka duk wasannin akwati na da da na Sega, har da PlayStation na farko. Amma ni ban ce lalle sai ita ba. Tsohuwar kwamfutar ofis 'yar kwatano, irin ƙananan Dell ko HP da ke jibge a Banex da ke Wuse 2, ko a titin Beirut a Kano, tana yin aikin, sau da yawa ma ta fi ƙarfi, kuma in ta lalace kowane mai gyara ya san cikinta. Aibinta guda, ta fi shan wuta. Akwai kuma wasu alluna 'yan Sin da ake kira Pandora's Box, waɗanda ke zuwa da sanduna da wasanni dubbai a ciki, jonawa kawai za ka yi. Ban ba ka shawararsu ba. Araha ba ta ado, kwaikwayonsu sau da yawa ba ya da kyau, kuma yaro ba zai koyi kome ba daga abin da aka gama masa.

Manhaja kyauta ce. Akwai RetroPie, akwai Recalbox, akwai Batocera, kuma ga wanda bai saba ba ta ƙarshen ta fi sauƙi, tun da tana hawa Raspberry Pi tana kuma hawa tsohuwar kwamfuta. Za ka sauko da ita daga shafinta na intanet, ka rubuta ta a kan katin memori ko filashi mai gigabait 32 da wata 'yar manhaja mai suna balenaEtcher, ka soka, ka kunna. Da ta tashi za ka nuna mata wane maɓalli ne sama, wane ne ƙasa, wane ne na farawa, sa'an nan ka zuba wasanni kowanne a jakar injinsa. Wuri guda ne ke ba sababbin shiga ciwon kai: rom ɗin wasannin akwati dole ya dace da zubin MAME ɗin da kake amfani da shi, in ba haka ba allo zai yi baƙi ya komo da kai baya ba tare da ya gaya maka dalili ba. Mutane da yawa sun yi zaton injinsu ne ya lalace, alhali takalmin ƙafar hagu suka sa wa dama.

Allo kuwa, kada ka ɓata kuɗi a kan babbar talabijin ta bango. Tsofaffin wasanni an zana su ne domin allo mai kusan murabba'i, faɗi huɗu tsayi uku, in ka shimfiɗa su a mai faɗi sai mutane su zama gajeru masu ƙiba. Tsohuwar monita ta ofis mai inci 17 ko 19, wadda ba mai so yanzu, ita ce daidai. Da tsohuwar zuma ake magani. Masu tsananin son asali za su ce a nemi talabijin mai ƙusumbi, kuma gaskiya ne launin wasan ya fi kyau a kanta, amma tana da nauyi, tana shan wuta, kuma cikinta na riƙe lantarki mai kisa ko bayan an zare ta daga soket. In ba mai gyaran talabijin ne a kusa ba, a bar ta. Ka kuma yanke shawara tun da wuri ko a kwance za ka kafa allon ko a tsaye, domin Pac-Man da Galaga da ire-irensu a tsaye aka yi su, wasannin dambe da ƙwallo kuwa a kwance. Ga gida mai yara, a kwance ya fi, tun da nan ne wasannin mutum biyu suka fi yawa.

Sanduna da maɓallai ana sayar da su a ƙunshi guda, tare da wani ɗan allo da ke tattara wayoyinsu ya kai wa kwamfuta ta kafar USB, ba sai an yi liƙin dalma ba. Ka sayi na mutum biyu, kowa sanda ɗaya da maɓalli shida, lissafin da Street Fighter II ya kafa: uku na naushi, uku na shuri. Ka riƙe maɓallin a hannu kafin kafinta ya huda katako, domin na Japan irin na Sanwa ramin milimita 30 suke so, na Amurka kuwa 28, kuma rami in ya yi faɗi ba ya komawa. Katako kuma, filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu za ka nema a kasuwar Dei-Dei. Falle uku sun isa akwatin tsaye, falle ɗaya ya isa ɗan guntu na ɗorawa kan tebur. Kafintoci za su so su ba ka MDF domin ya fi santsi da daɗin fenti, amma in damina ta sauka ya sha laima sai ya kumbura kamar burodi.

A nan zan ce wa mazaunin Mpape ya yi guntun. Mafi yawanku haya kuke yi, mai haya kuwa bai san ran da zai ɗaure kaya ba. Tsofaffin mazauna ba su manta da 2012 ba, lokacin da hukumar birnin ta ba da sanarwar rushe garin, aka yi ta shari'a har 2017 kafin kotu ta hana. Akwatin da mutum ɗaya zai iya runguma ya sa a bayan a-kori-kura ya fi wanda sai ƙarti huɗu. In kuwa ka nace sai na tsaye, to ka faɗaɗa gindinsa ka ɗaure bayansa da bango. Garin da ake fasa dutse da nakiya, wanda kuma ƙasa ta yi ta motsi a cikinsa a watan Satumba na 2018 har gwamnati ta dakatar da fasa dutsen na wani lokaci, ba wurin da za a bar dogon kabad mai nauyi a sama yana tsaye haka kawai ba ne, ga kuma yara masu rataya a jikin sanda.

Littattafan Turawa a kan wannan aiki sukan cika shafi da maganar fenti da fitilun ado. Abokan gabarmu a nan dabam ne, kuma na farkonsu wuta ce. Ɗaukewar wuta farat ɗaya, lokacin da inji ke rubutu a kan katin memori, tana iya lalata katin, ka wayi gari duk wahalarka ta tafi. Saboda haka a koya wa yara kashe inji ta cikin manhaja, kada a fizge waya; a kwafi katin gaba ɗaya a ajiye a wani wuri tun ran da aka gama saiti; a kuma sa ƙaramin UPS a tsakani, wanda zai riƙe wuta na 'yan mintoci ya kuma tare bugun da takan zo da shi in an maido ta. Abin daɗin shi ne cin wutar kaɗan ne. Raspberry Pi da monita da 'yar sifika gaba ɗaya ba su cika wuce wat 40 ba. In an kunna awa uku kullum, a wata guda ba a sha yunit huɗu na mita ba, kuma ƙaramin sola na gida mai ɗaukar fanka da fitila zai ɗauke shi.

Na biyu ƙura, ta mafasar dutse da ta hunturu, na uku kuma zafi. Su biyun suna da rikici, domin maganin ɗaya shi ne ƙofar ɗaya. In ka rufe akwati ruf don ƙura, zafi ya taru a ciki, ita kuwa Raspberry Pi da ta kai digiri 80 sai ta rage gudu don ta ceci kanta, wasa ya fara tsalle-tsalle, musamman a watan Maris da Afrilu. In ka buɗe, ƙura ta shiga ta toshe kome. Dabarar ita ce rami biyu a baya: na ƙasa a sa masa 'yar fankar kwamfuta mai jawo iska, a rufe bakinta da siririn soso da za a riƙa cirewa ana wankewa, na sama kuma a bar shi iska mai zafi ta fita. Dukansu a sa musu ragar ƙarfe, don ɓera da kyankyaso suna son wuri mai ɗumi da duhu, ɓera kuma bai san waya mai tsada ba.

Yanzu mu komo kan tafinta da baƙo. Ita manhajar kwaikwayo halaliyar masu ita ce, sun kuma bayar kyauta. Wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ma ta yanke a shekarar 2000, a shari'ar Sony da kamfanin Connectix, cewa ƙera irinta ba sata ba ce. Amma wasan yana da mai shi, ko da ya shekara arba'in. A 2018 Nintendo ya kai masu shafin LoveROMs ƙara, aka ƙare a kan diyyar dala miliyan 12, wani babban shafin kuma, EmuParadise, ya kwashe wasanninsa da kansa a wannan shekara don tsoro. A gida ma, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haɗa da manhajar kwamfuta cikin abin da take karewa. Na san abin da mai karatu zai ce: wa zai hawo dutsen Mpape daga Japan don ya kama ni? Babu, mai yiwuwa. Amma mu ne muka ga yadda masu kwafe faifai suka durƙusar da kasuwar fina-finan Hausa a Ƙofar Wambai, muka yi ta Allah wadai. Bai kamata abin ya zama sata in an yi wa ɗan Kano, ya zama wayo in an yi wa ɗan Osaka ba.

Hanyar halal tana nan, ko da yake ta fi ƙunci. A shafin MAME akwai wasu tsofaffin wasanni da masu su suka yafe don amfanin gida, kamar Gridlee da Robby Roto. Akwai masu sha'awa da har gobe suke rubuta sababbin wasanni domin tsofaffin injuna suna rabawa kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Kamfanonin kansu kuma suna sayar da tarin tsofaffin wasanninsu, kamar Capcom Arcade Stadium na 2021 da Atari 50 na 2022, waɗanda ke hawa kwamfuta mai Windows, ita kuwa ba abin da ya hana a sa ta cikin akwatin. Wanda ya zaɓi wata hanyar, shi da zuciyarsa. Abin da dai ba zan yi shiru a kansa ba shi ne mutum ya cika akwati da kayan da bai saya ba, ya kafa shi a ƙofar gida yana karɓar kuɗin 'ya'yan maƙwabta.

Kada kuma a zuba wasa dubu biyar don ana iyawa. Yaron da aka ba dubu biyar ba ya buga ko ɗaya, yini zai yi yana leƙa wannan yana fita. Ashirin sun isa, uba ya zauna ya zaɓa da kansa, domin ba duk tsohon abu ne mai tsabta ba. Mortal Kombat na 1992, wanda muka yi ta rububinsa a gidajen gem, jinin da ke cikinsa ne ya kai ga zaman sauraron bahasi a Majalisar Dattawan Amurka a 1993, har aka kafa hukumar sa wa wasanni alamar shekaru a 1994. Batocera tana da wani saiti na yara wanda ke ɓoye duk abin da uba bai yi wa alama ba, ya kuma kulle wurin gyare-gyare. A fi ba da ƙarfi ga wasannin da mutum biyu ke taimakon juna ko suke karawa, wa da ƙane, ya da ƙanwa, domin 'yan mata ma suna da haƙƙi a kan sandar nan, kada a bar su da kallo daga bakin ƙofa. Doka biyu kuma ba sassauci: in an kira salla ko lokacin karatu ya yi a kashe, kuma ba a sa ko naira biyar a kan wa zai ci. Ran da aka fara haka, shagon cacar da ake gudu ya shigo falo.

Wani abin da na fi so mai tambaya ya yi shi ne kada ya kai aikin wani wuri a gama masa a kawo. Ya kira kafinta gida ran Asabar, babban yaron ya riƙe tef ya yi awo, na tsakiya ya jona wayoyin maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ya ga da idonsa cewa maɓalli ba kome ba ne illa waya biyu da ke haɗuwa in an danna. Yaron da ya ga cikin inji ya daina ɗaukarsa tsafi. Ita Raspberry Pi ɗin ma don haka aka yi ta. In aka canza mata kati sai ta koma kwamfutar karatu, ana iya koyon Scratch da Python a kanta, waɗanda da su yara ke fara rubuta nasu wasan. A Legas akwai kamfanoni irin su Maliyo Games, wanda aka kafa a 2012, suna yin wasannin waya da labarun gida. A cikin dubban wasannin da MAME ta adana kuwa, za ka sami chess na Turawa, da mahjong da shogi na mutanen Gabas birjik, amma ba za ka sami dara ba. Ramuka talatin ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, ana neman jera uku a ci ɗaya. Ƙa'idodinta ba su fi ƙarfin ɗalibin sakandare da ya yi shekara guda yana koyon Python ba, kuma sanda ɗaya da maɓalli biyu sun isa a buga ta.